Gishirin Wuta da Gishirin Sanyi

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da tabarma ba, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya zuba gishiri a tafki ya hana shi hawa cikin girgije. Ni ce Tabawa 'yar Korau, mai dafa gishiri ta Birnin Malkadu. Na ga dutse mai huci, na ga mesa mai gani ba da ido ba, kuma ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Fushi ne ya kai ni, fushi ne ya dawo da ni. Ku gyara zama, jikokina. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, don in na fara ba na son a katse ni.

Birnin Malkadu a bakin tafkin gishiri yake. Rijiyoyinmu duk zartsi ne, sai guda ɗaya tak mai daɗi, ita kuwa a gidan Barmo take. Barmon nan shi ne Sarkin Ƙwarya, ya gaji sarautar daga ubansa. A garinmu a wancan zamani ba a neman shaida. In an tuhumi mutum, sai a kai shi tsakar kasuwa gaban Sarkin gari, a ciko ƙwarya da ruwa, ya tsoma hannu ciki. Barmo ya zura hannu a wata jakar fata da ke rataye a kwankwasonsa, ya damƙo farin gishiri ya zuba, ya juya da sanda. In ruwan ya yi sanyi, mai gaskiya ne. In ya yi zafi, ƙaryarsa ce ta tafasa shi. Sai a kai shi kwarin tafki, a sa shi a ɗakin da aka gina da allunan gishiri, bango da rufi, a toshe ƙofa, a bar 'yar taga ta miƙa tuwo. Ba a kashe shi da hannu, wai ruwa ne ya kama shi, ruwa ne zai hukunta shi. Ranar da ruwan farko na damina ya sauka, rufin ya jiƙe ya rufto masa.

Kakanku mai haƙar rijiya ne, mutum mai sanyin hali har ya yi yawa. Wata shekara ya haƙa rijiya a tsakar gidanmu, Allah ya nufa ya faɗa kan ruwa mai daɗi kamar madara. Na ce masa, “Maigida, rufe bakinka, mu sha abinmu.” Ina! Kafin azahar ya sanar da unguwa kowa ya zo ya ɗiba. Cikin wata guda layin masu durƙuso a ƙofar Barmo ya watse, babu mai cire masa takalmi don tulu ɗaya.

Ana gama girbi aka tsamo mushen kare a rijiyar Barmo, aka ce kakanku ne ya jefa. Mutumin da ko kiyashi ya faɗa masa a guga sai ya tsamo shi da kara ya ajiye a inuwa! Aka kai shi kasuwa. Ya tsoma hannu yana murmushi, sakarai, don ya san bai yi ba. Barmo ya zuba gishiri ya juya. Ina kallo murmushin ya gushe. Tururi ya tashi. Ya daure, ya daure, ya fizge hannu ya ɗaye ja wur. Kasuwa ta ɗauki ihu. Matan da jiya-jiya suka cika tuluna a gidana, su ne suka rangaɗa guɗa.

Ni ban yi kuka ba. Shekara ashirin ina zuba gishiri a ruwa, ban taɓa ganin ya ɗumama ko yatsa ba. Da aka kifar da ƙwaryar aka watse, na durƙusa na dangwali ƙasar na sa a harshe. Ɗaci, mai kama maƙogwaro. Kwana uku ina komawa wurin, rana na dukansa, ya ƙi bushewa. Kasuwa ta zagayo, aka gwada wani surukin Barmo da ake tuhuma da satar raƙumi, ruwa ya yi masa sanyi, aka ɗauke shi a kafaɗa. Na koma na duba inda aka zubar da nasa. Ya bushe ƙayau, ga wasu fararen allurai sun fito a kan ƙasa. Na lasa, babu ɗaci, sai wani sanyi a kan harshe. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Jaka ɗaya ce, amma gishiri biyu ne.

Na faɗa wa mai unguwa. Ya ce, “Haba Tabawa, ki yi haƙuri da ƙaddara. Ke kin fi kakanninmu sani ne?”

Na ce, “Kakanninmu sun lasa?”

Ya kaɗe rigarsa ya shige gida.

Akwai wani madugu, Anaruwa, da kan kawo wa Barmo tuluna biyu a liƙe da kakin zuma duk shekara. Na tare shi a zango yana ɗaurin kaya. Ya ce shi ɗauka yake yi, ba ya tambaya, ɗaya daga Tsaunin Huci, ɗaya daga Kwarin Jemagu. Na ce zan bi ayarinsa. Ya yi dariya ya ce, “Uwar gida, hanyar nan maza ma kuka suke yi.” Na ɗanɗani miyar da kukunsa ya yi, na tofar a gabansa, na ce, “Wannan ce ke sa su kuka.” Na ture mutumin daga bakin murhu. Da suka ci tuwona, babu wanda ya sake maganar maza.

Na bar wa gwaggonku Yalwa aikin kai wa ubanta tuwo. Na je tagar ɗakin gishiri na yi sallama. Kakanku ya ce, “Tabawa, zauna gida, Allah na nan.” Na ce, “Na san yana nan, shi ya ba ni ƙafa.” Wata shida ya rage damina ta faɗi.

Kwana arba'in muna hawa, har muka isa ƙasar da babu itace ko ɗaya, sanyi kuwa yana fasa leɓe. A tsakiyarta Tsaunin Huci yake, yana fesar da hayaƙi ta hanci bakwai, a gindinsa ga wani tafki da ko jaki ba ya shan ruwansa don ɗaci. Mutanen wurin sukan ɗebi ruwan nan su ɗora a kan hancin dutsen, ya ƙone ƙurmus, ya bar fararen duwatsu. Su ne itacensu. Na ga mace ta jefa su a babbar tukunyar ruwa, ta sa ƙaramar tukunya a ciki, ta ɗumama kununta ba wuta ba hayaƙi. Na tsoma yatsa na lasa. Ɗacin nan ne na tsakar kasuwarmu. Abin da ake ɗumama wa yara kunu da shi a nan, shi aka ƙona hannun mijina da shi aka kira shi gaskiya.

Na shiga aikin ƙona dutse tare da matansu kwana ashirin, ayari na ciniki. Na koyi cewa dole a liƙe shi a tulu, don ko a iska aka bar shi sai ya tsotso danshi ya narke da kansa. Na kuma ji dokarsu: dutsen ba ya fita ƙasar sai tulu ɗaya mai hatimin sarkinsu. Mafitar garin sunanta Ƙofar Yayyafi. Dogarai na tsaye da randuna, duk mai fita sai an sheƙa masa ruwa, shi da kayansa. Wanda ya ɓoye dutse, ihunsa ne zai tona shi. Na ga an yi wa wani bafatake, ya ɓoye a wando. Ba zan faɗa muku irin rawar da ya taka ba.

Wata rana ina shafa wa faso man kaɗanya, wani ɗan dutse ya faɗa cikin man. Na tsamo shi na jefa a ruwa don in gani. Ya nutse ya zauna lafiya lau, ruwa ko gezau. Na ce, to. Na sayi man kaɗanya wurin 'yan ayari na cura curi goma, kowane da duwatsu a cikinsa, na jera a kwando kamar mai talla.

Ranar fita aka sheƙa wa kwandona ruwa, shiru. Aka sheƙa mini. Ashe akwai wani guntu kamar ƙwayar gyaɗa da na soke a ƙarƙashin kambun hannuna tun ranar da na yi gwajin man, na manta da shi. Ruwa na shiga, na ji kamar an manna mini garwashi. Ihu ya taho har maƙogwaro. Na san in ya fita a ihu na mutu, kakanku ya mutu. Sai na fitar da shi a zagi.

Na ce wa dogarin, “Kai, ɗan marar kunya! Matar aure za ka jiƙa wa zani a gaban maza? Ba ka da uwa ne? Dubi kansa kamar gwandar da jemage ya fara ci! Ka sake ɗaga ƙoƙon nan ka gani in ban fasa maka shi a ka ba!”

Hawaye na zuba mini, suna tsammani na baƙin ciki ne. Babbansu ya ce, “Don Allah ku fitar da masifar nan.” Sai da muka yi nisa na tuɓe kambun, ya taho da fata. Ga tabon nan, ku matso ku gani. Ke, kar ki taɓa da hannun miya.

Daga nan muka gangara kudu kwana hamsin, har muka shiga Kwarin Jemagu, inda rana ke sauka ta zauna a kan mutum. A can jemagu sun kai girman akuya, suna rataye a koguna dubu-dubu. A bangon kogunan, inda kashinsu ya daɗe, wata farar furfura kan tsiro. Ita ake kankarowa, a wanke, a tace, a shanya, ta koma fararen allurai. Mai gidan da muka sauka ya zuba su a kwatarniyar ruwa, ya tsoma goran sha a ciki, ya miƙo mini. Ruwan ya kama mini haƙora. Na manta da hankali, na tashi tsaye na ce, “A sayar mini da wannan, ko nawa ne.”

Ashe baƙon da ya nemi gishirin sanyi ba ya komawa gida. Kafin in rufe baki an riƙe ni. Na dubi Anaruwa, mutumin da ya ci tuwona wata uku da ɗoriya. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ni ban san ta ba, a hanya ta biyo mu.” Na ce, “Allah ya sa tuwon nan ya tsaya maka a wuya ranar da kake neman ruwa.” Aka zura ni da igiya ta wani rami a saman babban kogo, ni da kwandona, don sun ɗauka mai ne kawai, aka janye igiyar.

A ƙasa akwai bayi masu kankarar bango. Kogon yana da mafita guda, doguwar hanya ƙuntatacciya, ba ƙofa ba mai gadi, sai wata mesa da suke kira Makauniya. Ba ta da ido, ba ta ji. Ɗumin jiki take bi, ko ɓera ya gifta ba ya kai ƙarshe.

Ina tsaye ina zagin garin da sarkinsa, sai na ji wata murya ta ce, “Wannan zagin na Malkadu ne. 'Yar wace unguwa ce?”

Wata tsohuwa ce a zaune, ta ƙanjame kamar ƙirgi. Sunanta Dudu. Shekara talatin ke nan a kogon. Da, ita ce mai daka wa uban Barmo gishirin ƙwarya, ranar da ta gane abin da take dakawa ta yi magana, sai ya ba da ita ga ayari. Na ba ta labarina, na fasa curi ɗaya na nuna mata. Ta shinshina, ta yi wata dariya ba haƙori.

Na ce, “Iya, ba dariya ta kawo ni ba. In na koma za su ce tsafi ne. Me ke sa wannan zafi, wancan sanyi?”

Ta ce, “Kin taɓa ganin 'yan kokawa sun sarƙe?”

“Ba tatsuniya na tambaye ki ba.”

“Rufe mini baki, 'yar nan, shekara talatin ina tunaninsa. Kowace ƙwayar gishiri taro ne na 'yan mitsi-mitsin abubuwa iri biyu da ido ba ya gani. Wannan iri ya riƙe wancan, wancan ya riƙe wannan, sahu-sahu, kamar 'yan kokawa dubu sun sarƙe a fage ɗaya. Ruwa shi ne mai rabon faɗa. Fuska biyu gare shi, da ɗaya yake jan wannan iri, da ɗayar yake jan wancan. Ɓamɓare su aiki ne, aiki kuwa sai da ƙarfi. Ina ruwa zai samo ƙarfin? Daga ɗumin jikinsa. Kin ga ya yi asara ke nan.”

“To ai da kowane gishiri sanyi zai yi.”

“Ki bari in kai. Da an ɓamɓare ɗaya, sai ruwa ya yanyame shi ta ko'ina ya rungume, yadda dangi kan rungume ɗan kokawarsu su fitar da shi fage. Rungumar nan ɗumi take fitarwa. Dutsen nan naki, rungumarsa ta fi rabonsa ƙarfi nesa ba kusa ba, ɗumi ya yi rara, ruwa ya yi zafi. Alluranmu kuwa rabonsu ya ci fiye da abin da runguma ta mayar, ruwa ya yi sanyi. Gishirinki na miya kusan kunnen doki suke yi, shi ya sa ba ki taɓa jin komai ba.”

“Man kaɗanya fa?”

“Mai ba ya rabon faɗa. Ba shi da hannun kamawa.”

Na ce, “To ina gaskiya da ƙarya suke a cikin wannan?”

Ta ce, “Babu su, Tabawa. Ruwa bai san sunan mijinki ba.”

Wata guda na yi ina kankarar bango, ina ɓoye allurai, ina ƙirga kwanaki da cizon yatsa. Dudu ta ce wani ya taɓa jiƙa rigarsa da ruwan allurai ya gwada wuce Makauniya. Ya kai rabi, sanyin ya fara gushewa, numfashinsa ya tona shi. Na dubi kwandona. Na ce, “Shi sanyi kawai yake da shi. Ni ina da abin da zan ba ta ta ci.”

Na ce ta hau bayana mu tafi. Ta ce, “Jiki biyu ɗumi biyu ne, ke ma kin sani. Abu ɗaya za ki yi mini. In kin tsaya a kasuwa, ki ambaci sunana da ƙarfi. Uban Barmo ya ce wa mutane rijiya na faɗa.”

Da tsakar rana, lokacin da zafi ke kwantar da mutanen kwarin, na narka allurai a kwatarniya na tsoma zanena biyu, na lulluɓa tun daga ka har ƙafa. Haƙorana suka shiga kaɗawa. Sauran curin da alluran da na ɓoye na ƙulle su a fata na goya. Na goge man da ke jikin duwatsun curi uku, na riƙe su a hannu ɗaya, goran ruwa a ɗayan. Na shiga hanyar. Ga Makauniya nan kwance, kaurinta kamar turmi, kanta a ɗage tana lilo. Na taka a hankali, baki a toshe. Na kai tsakiya, na ji zanen ya fara ɗaukar ɗumin jikina. Kan ya tsaya cak, ya juyo wajena. Na zuba duwatsun a gora, na girgiza har ya fara ƙona mini tafi, na mirgina shi baya cikin duhu. Iskar wucewarta ta kusa kayar da ni. Na ji goran ya fashe a bakinta. Ban tsaya jin sauran ba.

Yadda na dawo gida, da ƙafa, da jakin wani mai tausayi, da kwalekwalen masunta, wannan ku tambayi duga-dugaina. Kwana goman ƙarshe hadari na bina a baya, kullum da la'asar gabas ta yi baƙi, ina tafe ina yi masa tsawa: “Ka jira ni, ban gama ba!”

Ranar kasuwa na shiga Malkadu, iska ta fara kaɗa rumfuna. Sarki na zaune, Barmo na tsaye da sandarsa, an durƙusar da wata bazawara gaban ƙwarya. Na ratsa taron na ture ta gefe. Barmo ya ce, “Wace mahaukaciya ce wannan?” Na ce, “Matar mai rijiya ce, la'ananne.”

Na fizgi ƙore biyu a rumfar mai fura, na cika su da ruwa. Na ce, “Ranka ya daɗe, ka sa dogarinka ya tsoma hannu.” Sarki ya ɗaga gira, dogari ya tsoma. Na ɗaga murya na ce, “Ni Tabawa namiji ne, ina da gemu har cibiya!” Na zuba allurai na juya. Dogari ya ce, “Ranka ya daɗe, sanyi ƙalau.” Wasu suka fashe da dariya. Na ce ya koma ɗayar. Na ce, “Sarkin nan da ke zaune ɗan halak ne!” Na zuba dutse. Dogari ya daure kaɗan, ya yi tsalle yana yarfe hannu. Dariya ta ɗauke. Fuskar Sarki ta yi baƙi kamar gabas.

Barmo ya ce, “Mayya ce! Tsafi ta koyo! Gishirina ɗaya ne, na gado!”

Na ce, “Tsafin nan Dudu ce ta koya mini. Dudu! Mai daka wa ubanka! Tana nan da rai a Kwarin Jemagu, ba rijiya ta faɗa ba!” Na ga wasu tsofaffi sun dafe baki.

Ya fara ja da baya, hannunsa a kan jaka. Na tuna dogaran Ƙofar Yayyafi. Na suri ƙwaryarsa ta gado, na fizgo bakin jakar na juye ruwan duka a ciki. Bai kai ƙirga goma ba ya fara tsalle yana kiciniyar kwance maɗauri. Jakar ta faɗi gaban Sarki. Sarki ya sunkuya da kansa ya dafa ta da hannu biyu. Gefe ɗaya na tururi, gefe ɗaya kamar randa. Aljihu biyu ne a ciki.

Ɗigon farko ya faɗo mini a goshi.

Na zari tabarya a hannun wata mai daka, na sheƙa kwarin tafki. Kafin in isa ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Bangon ɗakin ya fara zubar da hawaye, rufin ya lotsa. Na kai wa toshiyar ƙofa duka, na ƙara, na ƙara. Na waiga, ga mutanen gari sun biyo ni sun yi cirko-cirko suna kallo. Na ce, “Ku da kuka iya guɗa, hannuwanku sun mutu ne? Matsiyata!” Sai a nan maza suka sa kafaɗa. Allon ya faɗi. Na kamo ƙafar kakanku na jawo shi waje kamar buhu, rufin ya rufta a inda kansa yake.

Ya rame, gishiri ya cinye masa fatar ƙafa, farin bango ya rage masa gani har ya mutu. Ya lalubo fuskata da hannun nan mai tabo. Wata shida ina tanadin abin da zai ce mini. Ya ce, “Tabawa, kin rufe bakin rijiyar kuwa? Kar ruwan tafki ya shiga wa mutane.”

Da ba don idon jama'a ba, da tabaryar nan ta yi aiki na biyu.

Sarki ya so a gina wa Barmo nasa ɗakin. Kakanku ya je ya durƙusa ya roƙa masa, aka kore shi daga ƙasar kawai. Aka tura mahaya da dukiya su fanso Dudu, suka tarar ta kwana goma a ƙasa. Bayan haka dattawan gari suka zo zaurenmu ɗauke da ƙwaryar, mai unguwa a gaba. Ya ce, “Tabawa, gari ba ya zama ba ƙwarya. Tunda ke kika san kan gishirin, mun yarda ke ki riƙe.” Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da suka gani, abin da suka fahimta ke nan. Na karɓa da hannu biyu, na ajiye a ƙasa, na hau ta da ƙafa. Na ce, “In an yi sata ku nemi wanda ya gani. Ku kwashe sakainar ku ba kaji ruwa.”

Washegari da safe matan guɗa suka dawo da tulunansu, suna sunne kai. Kakanku na zaune a bakin rijiya yana yi musu sannu da zuwa. Ya ce mini, “Ki bar abin da aka yi ya wuce, Tabawa, ya narke.” Na ce, “Ya narke, Maigida. Ni mai dafa gishiri ce, na san inda narkakke yake zuwa, yana nan cikin ruwan.” Na ba su guga. Shekara arba'in suna ɗiba, ban hana kowa ko ɗigo ba, ban kuma taɓa taya ɗayarsu ɗora tulu a ka ba.

Nan hikayata ta sauke kaya. Wanda ya ce ƙarya ce, ba zan sa shi tsoma hannu a komai ba, ga tabo, ya zo ya duba. Yanzu ku tashi, wata ta je ta rufe bakin rijiyar nan, na ga gabas ta yi baƙi.